Da aka ɗauke wuta, ƙwarya ta dawo mana da waƙa

Wani abu ya faru a gabanmu kwanakin baya a wani gidan biki da ke unguwar Elig-Edzoa, can kusa da layin dogo, wanda har yanzu ya ƙi barin zuciyarmu, shi ya sa muka ga ya dace mu kawo shi wannan fili domin mu tattauna da masu karatu. Ranar wunin biki ce, mu kuma mun je ɗaukar gaishe-gaishen 'yan uwa da abokan arziki don shirinmu na rediyo. Mata sun cika tsakar gida maƙil har bakin zaure, wasu daga nan cikin unguwa, wasu kuma sun zo daga Briqueterie, wato Birik kamar yadda muka saba kiran ta. An ɗauko mai kayan sauti ya girke manyan lasifikoki guda biyu, yana ta sakin waƙoƙin zamani, ba ka ko jin maganar na kusa da kai. Misalin ƙarfe biyar na yamma sai aka ɗauke wuta. Aka nemi janareta, aka ce babu mai. Wuri ya yi tsit, 'yan mata suka koma kan wayoyinsu, wasu manya kuma suka fara laluben mayafi da takalmi.

Ana cikin haka sai wata dattijuwa, kakar amarya ta wajen uwa, ta ce a miƙo mata baho da ruwa da ƙwarya. Ta kifa ƙwaryar a kan ruwan, ta sa aka karyo mata 'yan sanduna biyu, ta shiga bugawa ba tare da ta ce uffan ba. Ba a yi minti biyu ba sai muka ji wata tsohuwa daga bakin madafa ta ɗauko amshi, irin na waƙar rakiyar amarya gidan miji. Mai ƙwarya ta ɗaga kai ta dube ta, sai ga baiti na farko ya fito daga bakinta. Wata ta kawo na biyu. Wata kuma ta katse ta, ta ce, "A'a Yaya, kin tsallake ɗaya," ta cike gurbin. Kafin a jima tafi ya karaɗe gidan. Matan da suka haura shekara arba'in, waɗanda rabonsu da jin wannan waƙa tun suna bin iyayensu biki, sai ga bakinsu yana motsi da kansa. Amarya da aka haifa a zamanin wayar salula, wadda ba ta taɓa jin waƙar ba, ta rufe fuska tana kuka. Da aka maido da wuta, mai kayan sauti da kansa bai yi gigin kunna komai ba sai da aka kira magariba.

To, ga abin da ya ɗaure mana kai. Makonni uku kafin wannan rana mun je har ɗakin wannan dattijuwa da rikoda, muka roƙe ta ta rera mana waƙoƙin biki na da domin mu adana. Ta yi shiru, ta yi ƙoƙari, ta fara ɗaya ta tsaya a tsakiya, daga ƙarshe ta ce mana, "'Ya'yan nan, ku yi haƙuri, tsufa ya cinye su duka." Muka dawo hannu rabbana, har muna cewa a tsakaninmu an yi asara, wani rumbu ya ƙone. Ashe rumbun yana nan da hatsinsa, mabuɗin ne ba mu je da shi ba. Mun je mata da na'ura da tambaya, alhali abin da waƙar take jira shi ne kiɗa da jama'a. Ra'ayinmu ke nan a yau: yawancin waƙoƙin da muke cewa sun ɓace suna nan kwance a zukatan mutanenmu, kowa da guntun da ya riƙe, kuma ba abin da ke tada su sai bugun kiɗa da haɗuwar taro. Idan muka bari waɗannan biyu suka mutu a unguwanninmu, to a ranar ce waƙoƙin za su mutu da gaske.

Bari mu fara da kiɗa. Duk wanda ya zauna a benci a makarantar boko a ƙasar nan ya san yadda aka cusa mana jadawalin lissafi: da rerawa, aji guda baki ɗaya, malam yana buga tebur da rula. Yau ka tare dattijo ɗan shekara hamsin ka ce masa bakwai sau takwas nawa ne, sai ka ga yana gunguni daga farko da muryar da aka koya masa har ya iso wurin. Dalili kuwa shi ne kiɗa yana yanka magana gaɓa-gaɓa, ya ba kowace kalma mazauninta. In kalma ta ɓace, gurbinta yana nan da tsawonsa da nauyinsa da irin sautin da zai rufe shi, saboda haka kalmomin da za su iya shiga wurin ba su da yawa, nan da nan sai ta ainihin ta faɗo. Kakanninmu sun san wannan tun ba a rubuta shi a littafi ba. Shi ya sa kusan kowane aiki na Bahaushe yake da waƙarsa: mata uku a kan turmi ɗaya suna lugude, mai niƙa a kan dutse, masu daɓen ɗaki, manoma a gayya, uwa tana rarrashin ɗa a bayanta. Hannu ne ke riƙe wa baki waƙar. Ranar da taɓarya ta sauka a turmi da irin bugun da aka saba, waƙar sai ta biyo baya ko ba a kira ta ba.

Masana ilimin ƙwaƙwalwa ma sun tabbatar da wani ɓangare na wannan. A shekarar 2015 wasu masu bincike a birnin Leipzig na ƙasar Jamus, tare da abokan aikinsu na wasu ƙasashen Turai, sun nuna cewa sassan ƙwaƙwalwar da ke riƙe kiɗan da mutum ya daɗe da sani suna cikin waɗanda cutar mantuwa ta tsufa, wato Alzaima, take jinkirin lalatawa. Wannan ne ya sa ake samun tsohon da ba ya gane 'ya'yan cikinsa, amma da zarar an sa masa kiɗan ƙuruciyarsa sai ya bi shi daga farko har ƙarshe. Ke nan dattijuwarmu ba ƙarya ta yi mana ba da ta ce ta manta. Ta ƙofar tambaya ta manta, ta ƙofar ƙwarya kuwa ba ta manta ba.

Sai kuma taro, wanda a ganinmu shi ne babba. Bahaushe ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma tun asali ba a gina waƙar Hausa don baki ɗaya ba. Dubi tsarin amshi. Marigayi Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya shahara da ƙirƙirar waƙa nan take a gaban jama'a, amma kalangai da 'yan amshinsa su ne ke riƙe masa igiyar, su maimaita gindin waƙa yayin da shi yake laluben abin da zai ɗora. Haka marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, da matan da ke buga mata ƙwarya suna karɓa mata. Amshi shi ne rabon talaka a cikin waƙa: gajere ne, ana maimaita shi sau da yawa, kowa na iya ɗauka ya tafi da shi gida. Baitoci suna iya warwatsewa, wannan ya riƙe biyu, waccan ta riƙe uku, amma amshi yana wurin kowa. Ranar da aka taru, amshin ne ke kiran baitocin ɗaya bayan ɗaya, kuma wanda ya yi kuskure akwai mai gyara masa a gefensa. Malamanmu na da ma da wannan hanya suka yi aiki. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta zuba karatu a cikin waƙe, jajijinta suka riƙa kai wa matan ƙauyuka a ƙungiyar 'Yan Taru, ana rerawa tare har ya zauna. Waƙar Imfiraji ta Aliyu Namangi kuwa, makafi masu bara ne suka yaɗa ta gari-gari, ɗaya na ja saura na amsawa, har ta kai kunnen waɗanda ba su taɓa ganin littafin ba.

Wanda yake ganin wannan magana ta tsakar gida ce kawai, to ya dubi abin da ya faru da wata waƙa ta nan Kamaru da duniya duka ta sani. A 1986 wata ƙungiyar makaɗa mai suna Golden Sounds, wadda jigoginta dakarun tsaron fadar shugaban ƙasa ne, irin su Jean Paul Zé Bella, ta fitar da waƙar Zangalewa. Manyanmu suna tuna hotonta a talabijin, lokacin talabijin ɗin ma sabon abu ne a ƙasar: sojoji sanye da hular Turawan mulki, sun cusa tsumma a ciki da ɗuwawu, suna tafiyar ban dariya. Su kansu ba su ne suka fara ta ba. Tsohuwar waƙar maci ce da ta daɗe a bakin sojoji, kalmominta gauraye da harsuna daban-daban, yawancin masu rera ta ma ba su san fassararta ba. Abin da ya riƙe ta shi ne takun ƙafa. Sojoji a fareti, 'yan sikawut, 'yan makaranta, masu gudun motsa jiki da asuba, duk inda mutane suka jeru suna taku ɗaya sai ta fito. Bayan wasu shekaru gidajen rediyo suka daina sa ta, faifan ya yi ƙura, matasa suka koma wasu kaɗe-kaɗen.

Ashe ta riga ta haye teku. A garuruwan bakin ruwa na ƙasar Kolombiya, irin su Kartahena da Barankiya, masu manyan lasifikoki na wasan titi sun daɗe suna sa faya-fayan Afirka, jama'a na rawa ba tare da sun san me ake faɗa ba. A Barankiya aka haifi mawaƙiya Shakira. Da aka zo gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu, sai ga amshin Zangalewa a cikin waƙar gasar mai suna Waka Waka, wadda ta yi tare da ƙungiyar Freshlyground. Ba mu manta daren da aka fara jin ta a gidajen kallon ƙwallo na Birik ba. Yara suna murna da sabuwar waƙa, wasunsu ma sun ɗauka kalmar Hausa ce ake maimaitawa, wato waƙa, sai iyayensu suka miƙe suna cewa ai wannan tamu ce, suka ci gaba da baitocin da ba su cikin ta Shakira, waɗanda su da kansu ba su san suna riƙe da su ba. Shekara ashirin da huɗu tsakani, amma bugu ɗaya ya dawo da ita. Yawan kallon da aka yi wa hoton waƙar a YouTube ya haura biliyan uku.

Sai dai a nan ne kuma darasi na biyu yake, wanda bai kamata mu rufe ido a kansa ba. Taro yana dawo da kiɗa da amshi, amma ba ya dawo da sunan mai waƙa. Sai da 'yan Kamaru suka yi ta ƙorafi a jaridu da intanet kafin aka zauna da mutanen Golden Sounds aka daidaita da su a 2010. Zé Bella ya rasu a watan Janairun 2023, ya dai ga an ambaci sunansa. Shi kuwa sojan da ya fara rera ta a kan hanya, ba wanda zai sake sanin ko wane ne. Haka ya faru da marigayi Manu Dibango. A 1972, lokacin da Kamaru ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin Afirka karo na takwas, wadda dominta aka gina babban filin wasa na Ahmadu Ahijo da ke nan maƙwabtanmu, Dibango ya yi wa gasar take, a bayan faifan kuma ya sa wani kiɗa mai suna Soul Makossa. Kongo ta fitar da Kamaru a wasan kusa da na ƙarshe, jama'a suka juya wa taken baya. Amma kiɗan bayan faifan ya faɗa hannun masu sa faifai a gidajen rawa na birnin New York, taro ya karɓe shi, ya zama abin duniya. Amshinsa ya sake ɓullowa a waƙar Michael Jackson a 1982, ya kuma ɓullowa a ta Rihanna a 2007, kuma sai da Dibango ya bi haƙƙinsa ta hanyar shari'a. Bahaushe ya ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, to amma sai an san mai itan.

Wannan ciwo yana nan a cikin gidanmu. A bikin da muka ba da labari, da aka lafa mun tambayi matan ko wace ce ta ƙirƙiro waƙar, ba wadda ta sani. Ɗaya ta ce daga bakin kakarta ta ji, ita kuma da ita ta zo daga wajen Garwa. Mun kuma lura 'yan matan da suka ɗauki amshin cikin minti biyar ba su fahimci rabin kalmomin ba, domin Faransanci ya fi Hausa zama a bakinsu, Hausar da suke yi kuma ta kasuwa ce. Waƙar tana yi wa amarya nasiha a kan haƙuri da zama da dangin miji, tana kuma yi wa dangin ango habaici mai laushi cewa amana aka ba su. Duk wannan ya wuce su, kiɗan kawai suka kama. Yau ma muna jin yadda mawaƙan zamani na Kano suke ɗauko salon kiɗan ƙwarya su zuba a na'ura, mata na rawa da shi a bukukuwa daga Kano har Duwala. Abin farin ciki ne, amma yara nawa ne suka san cewa akwai matan da suka ƙare rayuwarsu a kan wannan kiɗa tun kafin a haifi masu yin sa yanzu?

Mu tuna yadda waƙoƙin nan suka iso nan. Hausawa suna Yawunde tun zamanin Jamusawa, fatake da mahauta da masu sana'ar hannu, kuma sunan Briqueterie kansa daga wurin yin bulo na wancan zamani ya samo asali. Ba da faifai suka zo ba, da baki suka zo. Daga baya aka samu akwatin rediyo ana kamo Kaduna a gajeren zango, jama'a su kewaye shi a ƙofar gida. Da jirgin ƙasa ya isa Gaundare a 1974, kaset-kaset na Shata da Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya suka riƙa gangarowa tare da shanu da fasinjoji. Amma ko a lokacin, tare ake saurare: a shagon tela, a wurin mai tsire, a majalisar bayan la'asar. Yara mata suna da dandali inda ake gaɗa da hasken farin wata, in azumi ya kai kwana goma yara su fito tashe gida-gida. Yanzu fa? Filayen da ake wasa an gine su, rusau irin wanda aka yi a Ntaba a 2008 ya raba maƙwabtan da suka shekara talatin tare, injin niƙa ya kashe lugude, siminti ya kashe daɓe, tsoron dare ya hana yara fita. Ba mu ce a koma niƙa a dutse ba, Allah Ya kiyaye, iyayenmu mata sun sha wahalar da ta isa. Amma ya kamata mu san cewa duk aikin da muka sauƙaƙa, akwai waƙar da muka kora daga mazauninta, kuma ba mu yi mata wani masauki ba.

Wani zai ce, ai yanzu komai yana cikin waya, me za a damu? Mu ma'aikatan rediyo mun fi kowa sanin amfanin na'ura, da ita muke cin abinci. Amma mun ga iyakarta. Da farko, abin da aka ɗauka shi ne kawai ke cikin waya, kuma waƙoƙin tsakar gida, na reno da na kamu da na rakiya da na suna, mafi yawansu ba wanda ya taɓa ɗaukar su. Na biyu, waƙar da ke kwance a cikin memori ba ta da bambanci da wadda ke cikin kabari muddin ba wanda ya san da ita balle ya neme ta. Muna da kwalaye na tsofaffin kaset da damshin Yawunde ya cinye, wasu kuma lafiyarsu ƙalau amma shekara da shekaru ba wanda ya tambaye su. Na uku, mai saurare da abin toshe kunne shi kaɗai yake ji, ba ya amsawa, ba mai gyara masa, ba kuma wanda zai koya daga gare shi. Da lasifika ya yi ƙarfi a gidan biki, mutane ɗari biyu sun zama 'yan kallo. Da ƙwarya ta karɓa, kowa ya zama ɗan amshi.

Wani kuma zai ce, ai wasu waƙoƙin gara a manta da su, akwai batsa, akwai zambo, akwai na gaba tsakanin kishiyoyi da na cin mutuncin wata ƙabila ko wani ɓangaren siyasa. Wannan gaskiya ne, ba mu musa ba, kuma taro yana iya tada mummuna kamar yadda yake tada kyakkyawa. Duk wanda ya taɓa ganin yadda waƙar habaici ɗaya take hargitsa gidan biki ya san haka. To amma maganin wannan shi ne manya su kasance a wurin su tace, kamar yadda aka saba tun da. Idan muka kore su gaba ɗaya, ba shiru za a samu ba, abin da ke cikin lasifika ne zai cike gurbin, kuma kowa shaida ne cewa abin da ake sakewa a wasu bukukuwanmu a yau, gaban yara da surukai, ya fi na da muni nesa ba kusa ba. Waƙar da mata ke yi a tsakaninsu a cikin gida, da ƙwarya da tafi, tana yi wa amarya gargaɗi da addu'a, ta fi kusa da kunya da mutuncin da muke cewa muna karewa.

Saboda haka muna da roƙo, kuma ba mai tsada ba ne. Ga iyayen biki: a cikin wunin da ake biyan mai kayan sauti kuɗi masu yawa, a ware ko da sa'a ɗaya a kashe lasifika da gangan, a kawo ƙwarya, a ba tsofaffi wuri a tsakiya, kada a bar su a bakin madafa suna gadin tukunya. Kada mu jira sai an ɗauke wuta. Ga ƙungiyoyin mata na adashi da na zumunta da ke taruwa duk mako a Birik da Elig-Edzoa da Tsinga: taron yana nan, kiɗan kawai ya rage, kuma ku zo da 'ya'yanku mata. Ga masu unguwanni da sarakunanmu: tashe ba ya bukatar kasafin kuɗi, yana bukatar layi ɗaya mai haske da manya biyu-uku da za su tsaya su sa ido. Ga malaman makarantun da ke unguwanninmu: yaron da ya iya amshi ɗaya na Hausa ko Fulatanci kuma aka fassara masa shi, ya samu kalmomi goma da ba zai same su a kasuwa ba.

Mu ma 'yan rediyo muna da namu laifin, kuma mun ɗauki gyara. Mun daɗe muna zuwa wurin tsoho shi kaɗai mu ɗora masa makirfo a baki kamar mai amsa tambayar alƙali, in ya kasa mu rubuta cewa abin ya ɓace. Daga yanzu in za a ɗauki waƙa, a tara sa'o'in juna biyar ko shida, a kawo abin kiɗan da suka saba, a bar su su yi gardama su gyara wa juna, na'ura tana gefe tana aikinta. In an gama a tambaye su: daga wa kuka ji, a wane gari, a wane irin buki ake yin ta, me wannan kalma take nufi? A rubuta, a faɗa a iska duk lokacin da aka sa waƙar. In mai waƙar sananne ne a ambaci sunansa, in ba a san shi ba a ambaci wadda ta riƙe ta har ta iso gare mu, da izninta. In wani mawaƙin zamani ya zo ɗauka, ya san akwai masu ita, ya yi musu alheri. Abin da ya sami Zangalewa ya ishe mu ishara.

Dattijuwar da ta kifa ƙwarya a Elig-Edzoa ta haura shekara saba'in, kuma matan da suka cike mata baitoci a ranar ba su fi biyar ba. Kowace daga cikinsu ta tafi, ta tafi da guntunta, kuma akwai ranar da ko an buga ƙwaryar ba wanda zai amsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda yake da kaka ko gwaggo ko inna a gida, kada ya tambaye ta ko tana tuna waƙa, zai ji ta ce ta manta. Ya kira mata ƙawayenta biyu, ya kawo ƙwarya, ya zauna ya yi shiru.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ƙara wa iyayenmu da suka rage lafiya da nisan kwana, Ya ba amarya da ango zaman lafiya. Sai mun ji daga gare ku.